Jonathan Jasper Wright: Yaron Gona da Ya Zama Alƙalin Kotun Ƙoli

A shafin tarihi na wannan karon za mu tafi ƙasar Amurka, mu koma baya shekaru fiye da 150, domin mu ji labarin wani baƙar fata mai suna Jonathan Jasper Wright. Sunansa na ƙarshe ana furta shi Rayit. Ya yi aikin gona yana yaro, ya yi koyarwa, ya zama lauya, ya zama ɗan majalisar jiha, sannan ya zama baƙar fata na farko da ya hau kujerar alƙali a kotun ƙoli ta wata jiha a duk faɗin Amurka. Daga baya kuma aka tilasta masa sauka daga wannan kujera. Ku biyo ni ku ji yadda abin ya faru.

ZAMANIN DA AKA HAIFE SHI

An haifi Wright ranar 11 ga Fabrairu, 1840, a jihar Fensilbeniya da ke arewacin Amurka. A wancan lokaci ƙasar ta rabu kashi biyu. Jihohin kudu suna riƙe da bayi baƙaƙen fata, waɗanda aka kamo kakanninsu daga Afirka, suna yi musu noman auduga da shinkafa da rake da taba. Jihohin arewa kuwa sun daina bauta. Ita Fensilbeniya tun a 1780 ta yi dokar kawar da bauta sannu a hankali. Saboda haka Wright ɗa ne, ba bawa ba.

Amma zama ɗa bai sa an ɗauke shi daidai da farar fata ba. Shekara biyu kafin a haife shi, wato a 1838, jihar tasa ta sauya tsarin mulkinta ta ce fararen fata maza kaɗai ne za su jefa ƙuri'a. A 1857 kuma, yana ɗan shekara 17, Kotun Ƙoli ta Amurka ta yanke hukunci a shari'ar wani bawa mai suna Dred Scott. Kotun ta nuna cewa baƙin mutum da kakanninsa suka zo a matsayin bayi ba zai taɓa zama cikakken ɗan ƙasar Amurka ba. Ku riƙe wannan shekara ta 1857, domin za mu dawo kanta.

KARATU DA AIKIN GONA

Yana ƙarami iyayensa suka koma gundumar Susquehanna a cikin jihar. Yanki ne na manoma. Wright yakan je makaranta ne a watannin hunturu, lokacin da dusar ƙanƙara ta rufe gonaki babu aiki. Sauran watannin shekara kuwa yana ƙwadago a gonakin maƙwabta. Ɗan abin da yake samu yana tarawa, har ya kai ya biya wa kansa kuɗin wata makaranta a garin Ithaca na jihar Niyok. Makarantar tana bin tsarin wani malami ɗan Ingila mai suna Joseph Lancaster, inda manyan ɗalibai suke koyar da ƙanana. Irin waɗannan manyan ɗalibai su ake kira monita.

Da ya gama sai ya dawo gida ya kama koyarwa, amma zuciyarsa tana kan aikin lauya. A zamanin yawancin lauyoyi ba jami'a suke zuwa ba. Mutum yakan zauna ne a ofishin wani gogaggen lauya yana karanta littattafan doka yana kallon yadda ake aiki, kamar yadda yaron tela yake koyon ɗinki a shagon maigidansa. Wright ya yi shekara biyu a wani ofishin lauyoyi a garin Montrose, yana ciyar da kansa da kuɗin koyarwa. Ya ƙara shekara guda a wurin wani alƙali a garin Wilkes-Barre.

Bayan duk wannan wahala sai ya nemi a yi masa jarrabawar zama lauya. Kwamitin jarrabawar ya ƙi. Ba wai ya faɗi ba ne, a'a, hana shi zama aka yi gaba ɗaya, saboda launin fatarsa. Ku auna yadda za ku ji a ce kun yi shekara uku kuna shirin jarrabawar ƙaramar sakandare, ranar jarrabawa mai gadi ya tsare ku a ƙofa ya ce irinku ba sa shiga.

YAƘIN BASASA

Ana cikin haka yaƙi ya ɓarke. A 1860 aka zaɓi Abraham Lincoln shugaban ƙasa, mutumin da ba ya son bauta ta yaɗu zuwa sababbin yankuna. Jihar Karolina ta Kudu ce ta fara ɓallewa daga ƙasar, ranar 20 ga Disamba, 1860, wasu jihohin kudu suka bi ta. A watan Afrilu na 1861 aka yi harbin farko na yaƙin a bakin tekun birnin Charleston, a cikin wannan jiha.

Karolina ta Kudu jiha ce da bayi suka fi 'ya'ya yawa. A ƙidayar 1860 mutanenta sun kai kimanin 700,000, kuma fiye da 400,000 daga cikinsu bayi ne. Tashar jiragen ruwa ta Charleston tana cikin manyan ƙofofin da aka shigo da 'yan Afirka Amurka ta cikinsu, kuma da yawansu an kamo su ne daga yankunan Afirka ta Yamma da suka iya noman shinkafa. Jihar ta yi doka a 1740 ta hana koya wa bawa rubutu, a 1834 ta ƙara da hana koya masa karatu. Masu bayi sun san cewa wanda ya iya karatu da wuya ya zauna a cikin sarƙa.

A watan Nuwamba na 1861 sojojin ruwan gwamnatin tarayya suka kama yankin Beaufort da tsibiran da ke kewaye da shi. Masu manyan gonaki suka gudu, suka bar bayi kimanin 10,000. Wannan ya sa Beaufort ta zama ɗaya daga cikin wuraren farko da aka buɗe wa 'yantattun bayi makarantu.

A 1864 Wright ya halarci wani babban taron baƙaƙen fata a birnin Syracuse, wanda Frederick Douglass ya shugabanta. Shi Douglass bawa ne da ya tsere ya zama shahararren marubuci da mai jawabi. Taron ya nemi a kawo ƙarshen bauta, a kuma ba baƙaƙe damar zaɓe. A 1865 yaƙi ya ƙare da nasarar arewa, aka yi wa tsarin mulkin ƙasa gyara na 13 wanda ya haramta bauta. Mutane kusan miliyan 4 suka sami 'yanci.

MALAMI KUMA LAUYAN TALAKAWA

A wannan shekara ta 1865 wata ƙungiyar mishan ta Amurka da ke yaƙi da bauta ta aika Wright zuwa Beaufort domin ya koyar. Ɗalibansa ba yara kaɗai ba ne. Akwai magidanta, akwai kuma sojoji baƙaƙe da suka yi yaƙi amma ba su iya rubuta sunansu ba. Da suka gane cewa malamin nasu ya san doka, sai suka riƙa kawo masa matsalolinsu.

A 1866 majalisar tarayya ta yi dokar da ta ce duk wanda aka haifa a ƙasar ɗan ƙasa ne, kuma yana da haƙƙi iri ɗaya a gaban shari'a. Wright bai yi wata-wata ba, ya koma Fensilbeniya ya sake neman a yi masa jarrabawar da aka hana shi. Wannan karon ba su da mafita. Aka yi masa, ya ci, ya zama baƙar fata na farko da aka ba iznin aikin lauya a jihar. Mahaƙurci mawadaci.

Da ya so da ya zauna a gida ya buɗe ofis. Maimakon haka sai ya sake komawa Beaufort, ya kama aiki da Hukumar 'Yantattun Bayi, wadda gwamnati ta kafa a watan Maris na 1865 a ƙarƙashin Janar Oliver Howard. Aikinsa shi ne ba 'yantattu shawara a kan doka.

Wannan aiki ba ƙarami ba ne. Bayan yaƙi, tsofaffin masu bayi da suka dawo kan mulkin jihar sun yi wasu dokoki na musamman a kan baƙaƙe. A ƙarƙashinsu baƙin mutum ba zai yi wata sana'a ba in ban da noma ko aikatau, sai ya sayi lasin da kuɗinsa yake kamawa daga dala 10 zuwa 100 a shekara. Ga kuma rikicin gonaki. A watan Janairu na 1865 Janar Sherman ya ba da umarnin a raba wa iyalan 'yantattu filayen bakin teku, eka 40 ga kowane gida. Da aka kashe Lincoln, sai Shugaba Andrew Johnson da ya gaje shi ya mayar da yawancin filayen ga masu su na da. Mutane da dama suka koma yi wa tsofaffin iyayen gijinsu aiki bisa yarjejeniyar da aka rubuta a takarda, alhali ba su iya karanta ta ba. Wanda bai iya karatu ba zai iya dangwala hannu a kan abin da zai cuce shi. A irin wannan hali, samun lauya baƙar fata da zai karanta maka takarda ya faɗa maka gaskiya babban abu ne.

RUBUTA SABON TSARIN MULKI

A 1867 majalisar tarayya ta ga abin ya yi yawa. Ta sa jihohin kudu a ƙarƙashin kulawar soja, ta ce dole kowace jiha ta rubuta sabon tsarin mulki, kuma dole baƙaƙe maza su yi zaɓe. Wannan lokaci shi masana tarihi suke kira zamanin Sake Gina Ƙasa.

Taron rubuta tsarin mulkin Karolina ta Kudu ya zauna a Charleston daga Janairu zuwa Maris na 1868. Wakilai 124 ne, kuma fiye da rabinsu baƙaƙe ne, wasu ma shekara uku da suka wuce bayi ne. Mutanen Beaufort suka zaɓi Wright a cikin wakilansu. Tare da shi akwai Robert Smalls, wani jarumi da a 1862 ya tuƙa jirgin ruwan sojojin kudu cikin dare ya tsere da iyalinsa da wasu bayi zuwa wurin sojojin arewa.

An zaɓi Wright ɗaya daga cikin mataimakan shugaban taron, kuma ya taimaka wajen rubuta sashen da ya tsara kotunan jihar. Sabon tsarin mulkin ya ba kowane namiji baligi damar zaɓe ba tare da duba launin fata ko dukiya ba. Ya ba matan aure damar mallakar dukiyarsu. Abin da ya fi shafarmu mu ɗalibai shi ne, ya umarci a kafa makarantun gwamnati na kyauta a duk faɗin jihar domin kowane yaro, baƙi ko fari. A jihar da koya wa bawa karatu yake laifi, wannan ba ƙaramin sauyi ba ne.

A MAJALISAR DATTAWA TA JIHA

A nan sai na yi ɗan bayani. A Najeriya kowace jiha majalisar dokoki ɗaya take da ita, kuma Kotun Ƙoli ɗaya ce tak, a Abuja. A Karolina ta Kudu kuwa majalisa biyu ce, ta wakilai da ta dattawa, kuma kowace jiha a Amurka tana da tata kotun ƙolin da take yanke hukunci na ƙarshe a kan dokokin jihar.

A 1868 aka zaɓi Wright sanata mai wakiltar Beaufort, a jam'iyyar Rifablikan. A wancan zamani ita ce jam'iyyar Lincoln da 'yantattun bayi, ita kuwa Dimokarat a kudu jam'iyyar tsofaffin masu bayi ce. An san Wright da natsuwa da iya magana, kuma ba mai zafin ra'ayi ba ne. Yana ganin dole baƙaƙe da farare su koyi zama tare tunda ƙasa ɗaya ta haɗa su.

Zama ɗan majalisa baƙar fata a lokacin sai mai ƙarfin zuciya. Wata ƙungiyar 'yan ta'adda mai suna Ku Klux Klan tana yawo cikin dare da fuska a rufe, tana dukan mutane, tana ƙona makarantu, tana kisa. A watan Oktoba na 1868 aka harbe Sanata Benjamin Randolph, baƙar fata abokin aikin Wright, da rana tsaka a wata tashar jirgin ƙasa. Abin ya kai a 1871 Shugaba Ulysses Grant ya ɗauki matakin ta-ɓaci a gundumomi 9 na jihar domin a kama 'yan ƙungiyar.

KUJERAR ALƘALI

A Karolina ta Kudu 'yan majalisa ne suke zaɓen alƙalan kotun ƙoli. Da wani alƙali mai suna Solomon Hoge ya bar kujerarsa ya tafi majalisar tarayya, sai aka nemi wanda zai gaje shi. Manyan 'yan takara biyu duk baƙaƙe ne daga Beaufort, Wright da wani lauya mai suna William Whipper. Ranar 1 ga Fabrairu, 1870, majalisa ta zaɓi Wright. Saura kwana 10 ya cika shekara 30. A ƙarshen shekarar aka sake zaɓensa na cikakken wa'adi na shekara 6.

Yanzu ku tuna da 1857. Shekara 13 kacal bayan da aka ce baƙin mutum ba ɗan ƙasa ba ne, kuma shekara 4 bayan da aka bar Wright ya zauna jarrabawa, ga shi lauyoyi fararen fata suna miƙewa tsaye a gabansa, wasunsu ma tsofaffin masu bayi ne.

Alƙalan kotun uku ne: Babban Alƙali Franklin Moses, da Amiel Willard, da Wright. A cikin shekara 7 da ya yi, ya zauna a shari'u fiye da 400, kuma shi ya rubuta hukuncin 87 daga ciki. Yawancinsu shari'u ne na yau da kullum, na gado da bashi da filaye da laifuka. Jaridun da ba sa son mulkin baƙaƙe sun yi ta yi masa ba'a, amma shi ya ci gaba da aikinsa.

Gaskiya ɗaya ce, dole a faɗe ta: gwamnatin jihar ta lokacin ba ta rasa ɓarayi ba. Gwamna Franklin Moses ƙarami, ɗan Babban Alƙali, wanda ya yi mulki daga 1872 zuwa 1874, ya yi ƙaurin suna wajen cin dukiyar jama'a. Abokan gaba suka riƙe wannan a matsayin hujja, suna shafa wa kowane baƙar fata mai muƙami baƙin fenti, har da waɗanda ba su ci ba ba su sha ba.

GWAMNA BIYU A JIHA ƊAYA

A 1876 aka yi zaɓen gwamna. Ɗan takarar Rifablikan shi ne gwamna mai ci, Daniel Chamberlain, farar fata daga arewa. Na Dimokarat kuwa Wade Hampton ne, tsohon janar na sojojin kudu, daga gidan da yake cikin mafiya yawan bayi a yankin. Magoya bayansa, da ake kira Masu Jajayen Riguna, suna yawo a kan dawakai da bindigogi suna tarwatsa tarukan baƙaƙe. A watan Yuli an kashe baƙaƙe shida a garin Hamburg, a watan Satumba kuma aka kashe wasu da yawa a Ellenton. Ranar zaɓe, a gundumar Edgefield, ƙuri'un da aka ƙirga sun fi yawan mutanen da suka cancanci zaɓe.

Kowane ɓangare ya ce shi ya ci. A watan Disamba aka rantsar da Chamberlain, bayan mako guda Hampton ma ya yi tasa rantsuwar. Jiha ɗaya ta wayi gari da gwamna biyu da majalisar wakilai biyu. Sojojin tarayya ne suke gadin ginin gwamnati a Columbia, babban birnin jihar, domin kare Chamberlain.

Sai Hampton ya yi wata dabara. A watan Fabrairu na 1877 ya yi wa wata fursuna baƙar fata mai suna Tilda Norris afuwa. Shugaban gidan yarin ya ƙi sakinta, domin shi bai yarda Hampton gwamna ne ba. Magana ta je kotun ƙoli. A sama, tambayar ita ce ko za a saki mace ɗaya. A ƙasa kuwa, tambayar ita ce wane ne gwamna, tunda gwamna kaɗai ke da ikon yin afuwa.

Babban Alƙali Moses yana kwance ba lafiya, kuma a farkon Maris ya rasu. Saura alƙali biyu, kuma hukunci ba zai tsaya ba sai dukansu sun sa hannu. Willard ya goyi bayan a sake ta. Idon kowa ya koma kan Wright. Gaba kura, baya sayaki. In ya sa hannu, ya miƙa jihar ga mutanen da suka zubar da jinin 'yan uwansa domin su ci zaɓe. In ya ƙi, mace za ta ci gaba da zama a kurkuku, ga kuma dubban masu bindiga da suke jiran su ji abin da zai ce. Kowane ɓangare ya matsa masa lamba.

Ranar 27 ga Fabrairu ya sa hannu. Bayan kwana biyu sai ya rubuta cewa ya janye sa hannun, domin da ya sake nazari bai gamsu cewa Hampton yana da ikon yin afuwar ba. Willard ya ƙi amincewa da janyewar, ya fitar da hukuncin a yadda yake, aka saki Tilda Norris.

A ƙarshe ma ba kotu ce ta raba gardamar ba. A wannan lokaci zaɓen shugaban ƙasa shi ma yana cikin rikici tsakanin Rutherford Hayes da Samuel Tilden. 'Yan siyasa a Washinton suka sasanta, Hayes ya hau mulki, a watan Afrilu na 1877 ya janye sojoji daga ginin gwamnatin jihar. Da Chamberlain ya ga babu mai kare shi sai ya tattara kayansa ya bar ofis. Hampton ya zama gwamna.

YADDA AKA SAUKE SHI

Sabuwar majalisa ta saka wa Willard, ta naɗa shi Babban Alƙali. Shi kuwa Wright sai aka kafa kwamitin bincike a kansa, aka zarge shi da shaye-shaye, majalisar wakilai ta fara shirin tsige shi. Ya musanta zargin, kuma ba a taɓa tabbatar da shi a gaban shari'a ba. Amma ya san waɗanda za su yi masa hukunci su ne waɗanda suke son kujerarsa. A watan Agusta ya miƙa takardar murabus, wadda ta fara aiki ranar 1 ga Disamba, 1877. Shi kansa Gwamna Hampton, da ya karɓi takardar, ya nuna cewa bai ɗauke ta a matsayin amsa laifi ba.

Wright ya koma Charleston ya buɗe ofishin lauya, ya kuma koma sana'arsa ta farko, wato koyarwa. Ya riƙa koya wa matasa baƙaƙe doka a ƙarƙashin kwalejin Claflin. Bai tara dukiya ba. Ciwon tarin fuka ya kama shi, ya rasu a watan Fabrairu na 1885, kwanaki kaɗan bayan ya cika shekara 45. A Charleston aka binne shi.

ABIN DA YA BIYO BAYA

A 1895 jihar ta jefar da tsarin mulkin da su Wright suka rubuta, ta yi sabo a ƙarƙashin jagorancin Benjamin Tillman. Aka sa sharaɗin biyan haraji da gwajin karatu kafin mutum ya yi zaɓe, kuma masu gwajin suna kayar da wanda suka ga dama. Da haka aka raba yawancin baƙaƙe da ƙuri'arsu. Aka kuma raba makarantu, na farare daban, na baƙaƙe daban. Sai a 1965, bayan gwagwarmayar su Martin Luther King, aka yi dokar tarayya da ta dawo musu da 'yancin zaɓe sosai.

Kotun ƙolin jihar ba ta sake ganin alƙali baƙar fata ba sai a 1985, shekara 100 cif bayan rasuwar Wright, lokacin da aka zaɓi Ernest Finney. A 1994 Finney ya zama Babban Alƙalin jihar. A ƙarshen shekarun 1990 aka rataya hoton Wright a ginin kotun da aka kore shi daga cikinta.

DARASI GARE MU

Na farko, ilimi ne ya ɗauki Wright daga gonar maƙwabta ya kai shi kotun ƙoli. Ranar da aka buɗe ƙofar jarrabawa a 1866, ta same shi a shirye, domin bai jefar da littattafansa ba ranar da aka kore shi.

Na biyu, 'yancin da aka rubuta a takarda yana iya salwanta in babu masu tsare shi. Abin da aka samu a 1868 an ƙwace shi a 1895, kuma sai da aka shekara 70 kafin ya dawo.

Na uku ya shafi sa hannun nan. Wani zai ce Wright ya nuna rauni, domin bai kamata alƙali ya faɗi magana yau gobe ya sauya ba. A nawa ganin, janyewar ta fi sa hannun buƙatar ƙarfin zuciya. A lokacin kowa yana ganin inda iska take kaɗawa. Da ya yi shiru, wataƙila da ya tsira da kujerarsa kamar Willard. Ya zaɓi ya rubuta abin da ya gamsu da shi, kuma ya biya kuɗinsa da muƙaminsa.

To, 'yan uwana, ku fa? Da kai ne ko ke ce a kan wannan kujera ranar 27 ga Fabrairu, 1877, ga Tilda Norris a kurkuku, ga masu bindiga a waje, ga jama'arka suna kallonka, za ka sa hannu ko ba za ka sa ba? Ku rubuto amsarku tare da dalili, ku miƙa wa Ƙungiyar 'Yan Jarida. Malamanmu ma muna jiran naku ra'ayin. Amsoshin da suka fi hujja za mu liƙa su a wannan allo a fitowa ta gaba.